Zagin da Balki ta Ba da Aro

Shafi na 23

Masu cewa na daɗe ban turo ba, na ji. Ga shi. Wanda ya roƙe ni in saki Gado kuma, ya sani ba ni na kama shi ba.

*

Balki ba ta yi sallama ba. Ta ture asabarin ƙofar gidan uwarta ta shiga.

Ƙanenta Illo na zaune a inuwar rumbu yana gyaran igiyar jaki. Igiyar lafiyarta lau. Hannunsa ne ke neman abin yi.

"Tashi."

"Yaya, ina kwa..."

"Ban kwana ba. Tashi ka dube ni."

Bai tashi ba.

Jiya, ranar kasuwar Dogon Dutsi, aka ɗaure mijinta Gado a gaban jama'a. Laifinsa Ingilishi. Tun da Nasaran Faransa suka ɓata da na Ingila aka rufe hanyar Kangiwa da ke hannun Ingila, Kumandan, Baturen Faransa mai mulkin garin, ya sa aka yi shela cewa duk wanda aka ji yaren ƙetare a bakinsa ɗan rahoto ne. Mutanen da ba su san inda Ingila take ba suka koma tsoron kada ta fito masu ta baki.

Gado kuwa yana da ita a baki. Ya yi dako a Kumasi tun kafin yaƙi, ya dawo da ciwon baya da zagi. Baturen kantin da ya yi wa aiki bai taɓa tambayar sunansa ba. Da safe ya ce masa buladi ful, da yamma raskal.

Gado ya kawo zagin gida, ya wanke shi, ya ba matarsa. Ranar da ta fara ƙona masa tuwo ya ce mata buladi ful yana dariya. Ta tambayi ma'ana. Ya ce wawan da ba a yi irinsa ba. Ta ce to shi fa? Ya ce shi raskal ne, ɗan iska mara jin magana.

Mace ba ta kiran sunan mijinta. Wata ta ce maigida, wata ta ce kai, wata ta yi tari kawai ya gane. Balki ta samu abin da matan unguwa ba su samu ba: sunan da za ta kira shi ba kunya, ta zage shi kuma a lokaci guda. Amma a ɗaki kawai. Da aka yi shela ma Gado ya kulle bakinsa a waje, ko jakinsa bai ƙara zagi da Ingilishi ba.

Sai jiya. Illo ya tsaya tsakiyar kasuwa ya ɗaga murya: "Raskal! Ina za ka da wanga tsohon jaki, ko yayanka ne?"

Illo taubashin Gado ne, ɗan gwaggonsa. A Arewa taubashi ba ya zagin ka ka haɗiye. In ka yi shiru ka nuna ka yanke zumunta. Gado ya juya ya zazzage masa duk abin da Baturen Kumasi ya bar masa, buladi ful, situfid, nansins. Kasuwa ta kwashe da dariya. Ba ta gama ba igiya ta shiga hannunsa.

Inna Altine ta fito daga madafa da faifai a hannu.

"Balki, lahiya? Haka aka shiga gidan mutane?"

"Inna, tambayi ɗanki mi yac ce ma taubashinai jiya."

"Wasa ne," in ji Illo. "Kowa ya san ni da Gado. Tun muna kiwon awaki muke zagin juna."

"Wasa."

"Wasa mana."

"Wane irin wasa ne gardin Kumandan ka jira bayan rumfar gishiri?"

Hannun Illo ya tsaya a kan igiyar.

"Matar mai gishiri ta gaya mani," in ji Balki. "Issa gardi tun hantsi shina zaune nan. Ya cire jar hula ya cusa cikin riga. Tac ce kahin ka buɗe baki sai da kad dubi wurinai. Shi kuma yag gyaɗa maka kai."

"Ƙarya taka yi."

"Rantse."

"Ni ba ni rantsuwa kan maganar mata."

"To rantse kan nonon wagga da ke tsaye."

Inna ta ajiye faifan a ƙasa a hankali. Kaji suka taho kan gero, ba wanda ya kore su.

"Illo," in ji Inna, "yayarka ta ce ka rantse."

Illo ya kau da kai.

Balki ta dubi jakin da ke ɗaure a turke. Bayansa duk gyambon kaya, amma ba kaya a gidan. Ita ta goyi yaron nan, ta san ƙaryarsa tun ba ta da haƙora.

"Ina kayan da kat tahi ɗaukowa Kangiwa?"

"Yaya, sassauta murya."

"Ba ni sassautawa! Gidanga duka an san ka ka ƙetarawa. Ni na sani, Inna ta sani, Gado ya sani bai taɓa hwaɗa ma kowa ba. Ina kayan?"

Illo ya jefar da igiyar.

"Sun kama ni."

"Su wa?"

"Issa. Bayan dutse, ina dawowa. Yak kwashe atamfar duka. Yac ce Kumandan na son mutum guda kahin kasuwa ta watse, wanda ka kai ma Ingilishi labari. Yac ce ko ni ko wani."

"Sai kaz zaɓi wani."

"Na ce Gado kowa ya san Kumasi yak koyo, tun da daɗewa. Na ce za su yi mai bulala su sake shi. Shi ƙaƙƙarfa ne, Yaya. Ni in anka duba ni, gaskiya za a samu."

"Allah sarki. Ashe taimako kay yi. Ka duba wa ad da baya mai ƙwari cikin dangi."

"Ban san Yamai za su kai shi ba."

Inna ta dafe ƙirji. "Yamai?"

"Motar bariki na tashi kahin azahar," in ji Balki, ba ta ɗauke ido daga Illo ba. "Su wa kis sani, Inna, sunka tahi Yamai da igiya sunka dawo da ƙafarsu?"

Inna ta zauna a kan turmi. Gado ɗan wanta ne. Ita ta yanke masa cibi, ita ta haɗa auren.

"Kaicona," in ji ta. "Ɗan wana. Da bakin ɗana."

"Tashi mu tahi bariki," in ji Balki. "Ka ce ma Kumandan kai ka ƙetarawa."

"Su kashe ni?"

"Su yi maka bulala su sake ka. Ai haka kac ce suka yi."

Nan Illo ya miƙe. Tsoro in ya rasa hanya fushi yake komawa, kuma fushin matsoraci ya san inda zai soka.

"Kin ishe ni! Kin shigo kina ta zagi kamar ke kaɗai ad da gaskiya. To tambaye ni. Tambaye ni ina nas samu kalmar."

"Wace kalma?"

"Raskal. Na taɓa zuwa Kumasi? Gado ya taɓa hwaɗinta gabana?"

Balki ta ja da baya.

"Gaya ma Inna," in ji Illo. "Cika-cikin bara waccan, lokacin wasan taubasai. Na zo gidanki na ce Gado ya gama da ni, ya kira ni mai wuyan zabo gaban 'yan mata, ki ba ni abin da zan kada shi. Kina daka. Kinka yi dariya har kinka aje taɓarya. Kinka ce, ce mai raskal, ka ga yadda kunnenai ka tashi."

Ta tuna. Har warin daddawar da take dakawa ta tuna. Ta tuna ta ce masa ya riƙe sai ranar da Gado ya matsa masa. Ya riƙe kuwa. Ya riƙe da kyau.

"Wannan kahin shela ne," in ji ta. Muryar ba tata ba ce.

"Kahin shela ko bayan shela, wa yab ba ni? In Kumandan yat tambaye ni, in ce wa?"

"Abin ɗakinku," in ji Inna a hankali. "Kinka hiddo abin ɗakinku kinka ba yaro."

"Wasa ne, Inna."

"Wasa mana," in ji Illo.

Marin da Balki ta yi masa ya kori kajin da ba wanda ya kora.

Ya dafe kunci. Bai rama ba. Ta so ya rama, ko ta samu dalilin fasa masa kai da taɓarya.

"Na ba ka don ka yi dariya da shi. Ban ba ka don ka sai da shi ba. Shi yan noma ma Inna gona shekarar da kag gudu kag bar ta da ciyawa. Shi yab biya maka..." Ta tsaya. "Ko kare in ka ba shi hura ya san hannu."

"Assalamu alaikum, masu gida!"

Muryar daga waje take, kuma ba ta jira amsa ba. Issa gardi ya shigo, yau da jar hularsa a ka, bulala a hammata. Ya dubi Illo kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Matar Gado. An ce kina nan. Kumandan na kira."

"Ni?"

"Ke. Mijinki ya kahe wai Kumasi yak koyo. Kumandan na son jin bakin gida kahin a sa shi mota."

Ya juya ya fita ya tsaya a ƙofa yana goge takalmi da bayan wando.

Inna ta riƙo zanen Balki.

"Ɗiyata. Dukanku nawa ne. In an ɗauki guda, kada ki ƙara masu na biyu."

"In na ba su na biyu, za su saki na hwarko."

"Wa yac ce maki? Nasara ya taɓa maida abin da yak karɓa?"

Balki ta janye zanenta.

Illo ya matso, murya ƙasa-ƙasa, idonsa a kanta. Ba a fuskarta ba, a sama.

"Yaya. Cire wanga kallabi kahin ki tahi."

Ta kai hannu ka. Ta manta ma shi ta ɗaura. Kallabin atamfa ne, shi ya kawo mata da kaka daga Kangiwa. A gefensa akwai tambarin kantin Ingilishi da bai fita da wanki ba, kullum cusa shi take ciki in za ta ɗaura.

"Don mi?"

"Kin sani."

Da bai yi magana ba, da ba ta tuna ba. Haka Illo yake tun yana ƙarami: shi ke nuna wa mutum inda ya ɓoye abin da ya sata.

Ta ƙara tamke ɗaurin ta fita.

A hanya Issa na gaba tana baya. Rana ta hau, rairayi ya fara cin ƙafa. Mata a bakin rijiya suka bar guga suna kallo, ba wadda ta gaishe ta.

"Ki ji," in ji Issa bai waiwayo ba. "In anka tambaye ki ko mijinki na tahiya ƙetare, ki ce e. Magana ta ƙare, ki koma ga tukunyarki."

"In na ce a'a?"

"Mota na da wurin mutum biyu."

"Atamfar ta yi ma matarka kyau?"

Ya tsaya. Ya dube ta. Ya ci gaba da tafiya.

Gado na zaune a ƙasa a barandar bariki, hannuwa a baya, an haɗa igiyar da ginshiƙi. Leɓensa ya kumbura. Rigar kasuwa ce a jikinsa, wadda ta wanke masa shekaranjiya.

Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Sannu."

Bai dube ta ba.

"Sun ba ka ruwa?"

"Balki," in ji shi, "koma gida."

Balki. Tun ranar tuwon nan bai ƙara kiranta da sunan yanka ba sai gaban baƙi. Da bulalar Issa ce ta sauka mata da ta fi sauƙi.

"Ka san ni ce."

"Mutum biyu sunka san wannan suna duniya. Ni ban hwaɗa ba."

"Don ya tsokane ka na ba shi."

"Ya tsokana."

"Zage ni mana."

"Ba ni da abin zagin ki da shi. Kin rabar."

"A shigo da su!" in ji tafinta daga ciki.

Ofishin na warin taba da kananzir. Kumandan na bayan tebur, jan hannunsa guda a kan gwiwa, yana korar ƙuda da hula da ɗayan. Bai kai Illo shekaru ba. An aiko shi daga wata duniya ya gano wanda ke kai wa Ingila labarin geron Arewa, kuma ya ƙudura sai ya gano.

Issa ya durƙusar da Gado. Balki ta tsaya.

Kumandan ya yi magana. Tafinta ya juyo.

"Ya ce ke ce matar wanga?"

"Ni ce."

"Ya ce ana Ingilishi gidanku?"

"Ana zagi gidanmu. Gidan Kumandan ba a yi?"

Tafinta ya haɗiye rabin maganar, ya miƙa rabi.

"Ya ce ina mijinki yak koyo?"

"Kumasi. Wurin wani Nasara irinai, da bai iya kiran mutum da suna ba."

Wannan ma tafinta ya rage mata tsawo. Kumandan ya buga tebur da tafin hannu.

"Ya ce wannan tatsuniya ya ji ta jiya. Ya ce akwai mai ƙetarawa Kangiwa cikin danginku, an tabbatar mai. In ba mijinki ba ne, ki hwaɗi ko wane ne, a kwance wanga yanzu. In ba ki da suna, mota na jira."

A waje direba ya fara murɗa ƙarfen tada mota. Ta yi tari ta mutu. Ya sake.

Balki ta waiwaya. A bakin baranda, bayan dogon gardin da ke tsaron ƙofa, ga Inna Altine ba takalmi, ta biyo su. Bayanta Illo, rabin jikinsa a ɓoye da ginshiƙi, kamar dā in ya fasa ƙwarya.

Inna ta dube ta. Ta ɗaga tafukan hannu biyu kawai.

Motar ta kama.

Balki ta kai hannu ka, ta fara kwance kallabin.

Issa ya gane kafin kowa. Gumi ya tsattsafo masa ƙarƙashin jar hula. "Ke! Mace ba ta buɗe kai gaban Kumandan!"

Ba ta saurare shi ba. Ɗauri na farko ya saki.

Gado ya ɗago kai. Ya dubi kallabin, ya dubi ƙofa, ya ga gwaggonsa. Ya san wanda ya kawo atamfar. Shi ya riƙe wa Illo jaki ranar da aka sauke ta.

"Bari," in ji shi.

Ɗauri na biyu ya saki.

"Na ce ki bari. Tsohuwar nan ba ta iya ɗauka."

"Ni na iya?"

Kallabin ya sauka a hannunta. Kitsonta ya fito, ya tsufa, ba ta samu gyara shi ba.

Sai Gado ya miƙe a kan gwiwoyinsa, da igiya, da kumburarren leɓe, a gaban Kumandan da tafinta da hoton tsohon sojan da ke rataye a bango, ya daka mata tsawa da muryar da yake yi mata in ta bar ƙofa a buɗe awaki suka shiga:

"Buladi ful! Maida shi kanki!"

Ƙudan ma ya tsaya.

Kumandan ya ajiye hular a hankali. Wannan bai bukaci tafinta ba.

Balki ta ji hawaye sun zo, ta ƙi su. Tun jiya take jiran wannan zagin, sai ya ga dama ya ba ta shi a inda zai kashe shi.

"Raskal," in ji ta, "yi mani shiru."

Ta taka zuwa tebur. Ta shimfiɗa kallabin, ta juyo gefen da take cusawa ciki, ta danna yatsa a kan tambarin.

Kumandan ya sunkuya ya karanta. Ya dubi Issa. Ya dube ta. Ya faɗi kalma guda.

Tafinta ya share maƙogwaro.

"Ya ce, wa yak kawo maki?"

A bakin ƙofa Inna ta kira sunan Balki.